Kiwon Kwaɗayi a Rumfar Faci

Ƙanena mai faci ne. Ni na goya shi, ni na yi masa wanka har ya isa yi da kansa, saboda haka ba wanda zai ba ni labarinsa. Shi ne autanmu, kuma har yau da furfura ta cinye masa kai Auta nake kiransa. Mutanen titi su ce Mai Faci. Ba zan ce haziƙi ne ba. Makaranta ta ƙi shi tun yana aji uku, shi ma bai bi ta da lallashi ba. Ya yi kwandasta aka kore shi, ya yi gadi ya ɓige da barci. Abu ɗaya ya iya a duniya, amma fa ya iya shi: in ya yi wa tub ɗin taya faci, tub ɗin zai tsufa ya ruɓe, facin yana nan daram.

Rumfarsa a bakin babban titi take, jikin shagon wani mai walda. Fallen kwano huɗu, benci ɗaya, injin iska, da rabin durom na baƙin ruwa inda yake tsoma tub ya ga ta ina kumfa ke fita. In ya gano hujin sai ya zagaye shi da alli. Babban kayan aikinsa wani tsohon fistin ne na babbar mota, an kifa shi an haɗa masa ƙarfen matsewa. Zai goge bakin hujin da samfefa, ya shafa gam, ya ɗora ɗanyar roba, ya cika fistin da garwashi, ya murɗa ƙarfe ya danne. Daga nan sai jira, kuma duk sana'ar a jiran nan take. In an ɗaga da wuri facin ɗanye ne, zai ɓare kafin mota ta sha kwana. In an daɗe tub ya narke, ƙaramin huji ya koma ƙofa.

Auta bai taɓa ɗaura agogo ba. Maigidan da ya koya masa aikin da taba yake auna jira, don haka rana ɗaya ya fara koyon facin da tabar. Yana murɗa ƙarfe zai ɗauki garwashi da filaya ya kunna taba. Yana yar da guntun zai kwance. Kara ɗaya, faci ɗaya. Tub ɗin keke rabin kara ne, sauran ya maƙale a bayan kunne. Na tirela kara ɗaya da rabi. In direba ya ƙosa ya ce, "Mai Faci, saura yaya?" sai ya ɗaga masa tabar ya gani da idonsa. Shekara talatin da huɗu ya yi a haka. Ku ƙiyasta yawan tayar da ke yin faci a babban titi kullum, za ku san abin da jikinsa ya sha.

Kowa ƙirji yake jira ya kai ƙara, sai ƙafa ta riga shi. Ta hagu. Da farko sanyi take yi ko ana tsananin zafi, sai yatsu biyu suka yi baƙi. Wata uku ya ɓoye su a cikin safa, yana ce wa matarsa baƙin taya ne. Wari ya tona masa asiri. A asibiti aka cire yatsun. Likitar mace ce, ba ta kai 'yata ta uku ba, amma ba ta da kewaye-kewaye, na ji daɗinta. Ta ɗora yatsa ƙasa da gwiwarsa ta ce, "Baba, taba ta toshe maka jijiyoyin jini. In ka ci gaba, daga nan za mu yanke."

"Ko kara ɗaya a rana, 'yata?"

"Ko rabi."

"To aikin fa?"

"Wane aiki?"

"Facin mana."

Ta dube ni. Na ce kada ta damu, tun yana ƙarami haka yake. A lokacin ni ma ban gane abin da yake nufi ba.

Ya bar tabar, wannan yabon kam ba zan hana shi ba. Matarsa ta wanke duk rigunansa, ta zazzage aljifai, ta ce da ni, "Yaya, ni ba ya jin tsorona. Ke ce za ki tsare shi a rumfa." Ni na yi shekara ashirin da takwas ina buga tafireta a ofis, na yi ritaya, mijina ya rasu, 'ya'yana kuma so suke in zauna gaban talabijin har in bi shi. Na ɗauki kujerata ta roba na koma rumfar faci.

Ranar farko ya ƙona tub huɗu. Zai murɗa ƙarfe, ya kai hannu aljihu ya ji wayam, ya kai bayan kunne ya ji wayam, sai ya tsaya yana kallon titi kamar wanda aka sauke a tashar da ba tasa ba, har warin roba ya ishe mu. Rana ta biyu tsoro ya kama shi, ya riƙa ɗagawa da wuri. A ranar ne aka kawo tayar wata motar ɗaukar ƙwai.

Direban gajere ne mai kaifin baki. Ya tafi da safe a mota, ya dawo da azahar a ƙafa, wandonsa rawaya daga gwiwa zuwa ƙasa, ƙudaje na biye da shi.

"Mai Faci, me na yi maka?"

"Lafiya?"

"Lafiya ce ta dawo da ni a ƙasa? Kan gangara facinka ya ɓare. Mota ta kwanta ta gefe kamar ta gaji da duniya. Yanzu haka karnukan unguwa uku suna can suna sa maka albarka. Da miyau ka liƙa shi?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"Shekara goma sha biyar ina kawo maka taya. Don Allah ka koma shan tabarka mu samu lafiya."

Na ce, "In an yanke tasa za ka ba shi aron ƙafa?"

Ya ce, "Mama, ni ma tawa yau ba ta aruwa."

Direbobi ba sa riƙe magana. Kafin mako ya zagayo motoci sun fara wuce mu suna kai wa wani mai facin can gaba. Auta yana da 'ya'ya biyu a makaranta a lokacin, kuma ba shi da wata sana'a. In ya sha taba ƙafa za ta tafi, in bai sha ba rumfa za ta tafi.

Ni ce mai ilimin gidan, don haka na ɗauko agogon marigayi mijina na kawo.

"Minti nawa faci yake yi?"

"Kara ɗaya."

"Kara ɗaya minti nawa ne?"

"Wane karan?"

"Auta, kada ka sa in mare ka a gaban mutane."

"Yaya, tsaya ki ji. In garwashi ya yi ja sosai, da sauri nake sha. In gawayin ya sha ruwa, a hankali. In tub ɗin tsoho ne, ina sha ina tausaya masa."

"Yaya kake sanin saurin da za ka yi?"

"Ni ban sani ba. Bakin ne ya sani."

Gaskiya ya faɗa. Muka gwada minti biyar, ya yi kyau ran Litinin, ya fito ɗanye ran Talata. Muka gwada bakwai, ya yi daidai da safe, ya narke da rana. Na cika rabin littafi da lambobi, na yi layin zafi, na yi layin gawayi, na yi layin kaurin roba, ban ƙaru da komai ba sai ciwon kai. Kwana goma na mai da agogon cikin akwati.

Dabararsa ta gaba ita ce a kunna taba a soke ta a ƙusa jikin katangar da ke tsallaken kwata, ta ci kanta. Ni nake kunnawa a garwashi, don ban yarda ta shiga hannunsa ba. Amma taba ba ta iya aiki ita kaɗai. In babu iska sai ta yi ta jan jiki ko ta mutu, in tirela ta wuce iskar ta cinye rabi. Ga shi kuma zai tsaya yana kallonta daga nesa, ƙofofin hancinsa na buɗewa suna rufewa, har hawaye su zubo. Masu wucewa suka fara tsayawa suna tambayata ko rasuwa aka yi mana.

Sai ya nemi wanda zai riƙa sha a madadinsa. Mai walda ya ce zai yi saboda maƙwabtaka. Ƙato ne, zuƙa uku ya kai ƙarshen kara. Auta ya ce wannan haɗiya ce, ya je ya ci gaba da waldarsa. Daga nan aka samo wani tsohon masinja da ke yini a inuwar kanti ba ya aikin komai. Na auna taku goma daga benci na ajiye masa bulo, don kada hayaƙin ya iso. Shi kuma matsalarsa surutu. Zai yi zuƙa ɗaya ya shiga labarin wani shugaban ofis da ya mutu tun ina budurwa, tabar ta mutu a hannunsa. Auta ya koma ba shi umarni daga nesa, ido ɗaya a kan garwashi, ɗaya a kan tsohon.

"Zuƙa! A hankali, ba korar ka ake yi ba. Riƙe. Riƙe mana! Saki ta hanci. Kakkaɓe toka. Wa ya ce ka kakkaɓe sau biyu?"

"Shekara arba'in ina shan taba, yau kai za ka koya mini?"

"Shekara arba'in kana wulaƙanta ta."

Faci tara, faci goma a rana, kowanne da karansa da tsawarsa. Mako biyu tsohon ya jure. Ran nan da safe ya zo ya ajiye kwalin a kan bulo ya ce, "Na bari. Na yi ritaya don in huta, ka mai da mini taba aikin ofis." Har ya mutu bai ƙara sha ba. 'Ya'yansa sun zo har rumfa sun yi wa Auta godiya, shi kuwa da ƙyar ya amsa musu.

Duk wannan lokacin kwaɗayin tabar bai bar shi ba. A asibiti an gaya masa zai riƙa zuwa yana tafiya, in ya daure 'yan mintoci zai wuce. An ce ya tauna cingam. Ya tauna cingam, ya cinye murfin birona uku, na taɓa kama shi yana tauna guntun tub. Abin ya fi kama shi daidai lokacin da ya murɗa ƙarfe, don a nan jikinsa ya saba. Har suna ya sa masa. Zai ce, "Yaya, ga Mutumina nan."

Wata safiya aka kawo tayar motar haya. Ya zuba garwashi, ya murɗa, abin ya taso masa da ƙarfi. Ya zauna a kan hannuwansa biyu don kada su je inda ba a aike su ba. Ƙafarsa ta fara rawa. Gumi ya karyo masa. Ya zagi wanda ya ƙirƙiro taba, ya zagi maigidan da ya koya masa, ya gangaro kan likita. Can sai ya yi ajiyar zuciya, kafaɗunsa suka sauka. Ya miƙe ya kwance ƙarfe ba tare da ya yi tunani ba, yadda yake yi da can in ya yar da guntu.

Facin ya fito sumul, baƙi wuluk, ba a gane inda ya tsaya tub ya fara. Ya sa farce ya kasa ɗaga gefensa. Ya ba tub iska ya tsoma a ruwa, ko kumfa ɗaya babu.

Ya dube ni. "Yaya, kara ɗaya ya yi."

"Wa?"

"Mutumina. Daidai kara ɗaya ya zauna ya tafi."

Na ce dace ne. Aka kawo tub ɗin keke, kwaɗayin ya yi rabin zama ya tafi. Aka kawo na tirela, ya zauna har Auta ya gama da likita ya shiga dangin matarsa. Dukansu suka fito lafiya. Ban san yadda aka yi ba, ban kuma tambayi kowa ba don kada a ce tsufa ya fara taɓa ni. Abin da na gani shi ne jikinsa yana ci gaba da shan tabarsa yadda ya saba, tabar ce kawai babu.

Motoci suka dawo. Direbobi suka koyi karanta shi. Baƙo zai ce, "Saura yaya?" sai wanda ya saba ya ce, "Yi haƙuri, rawar ƙafa yake tukuna." Can wani ya ce, "Ya kai kan likita? To ku matso da jak." Fasinjoji har saukowa suke su yi kallo, wasu su ɗauka aljanu ne. Shekara uku muka yi a haka, 'ya'yansa suka gama makaranta. Likita ta duba ƙafa ta ce jini yana gudu, ta yaba masa ƙwarai. Ba ta san sau goma ake zaginta a rana ba.

A shekara ta huɗu Mutumin ya fara gajarta zama. Zai zo ya ɗan taɓa shi, ya tafi tun kafin a iso kan likita. Faci ya koma fitowa ɗanye. Matarsa ta yi murna, ta gaya wa maƙwabta maigida ya warke. Shi kuwa ya rame. Ya sa na raka shi asibiti ranar da ba a ce ya zo ba.

"'Yata, kwaɗayin nan yana raguwa."

"Madalla, Baba! Haka ake so."

"Babu wani magani da zai dawo da shi?"

Ta ajiye biro. "Ya dawo da me?"

"Ko allura ce zan jure. Ba sha zan yi ba, wallahi. So nake kawai in riƙa so."

Ta juyo gare ni. Wannan karon na yi mata bayani tiryan-tiryan, tun daga fistin har dangin mata, na dai tsallake wurin da sunanta yake fitowa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a duk karatunta ba a koya musu wannan ba. Ta ba mu shawara mu gwada agogo. Na ce Allah ya yi mata albarka, muka fito.

Daga nan Auta ya shiga kiwon kwaɗayi yadda wasu ke kiwon kaji. Da safe kafin ya hura gawayi zai bi bakin kwata yana tsintar kwalayen da aka yar, ya buɗe ya shinshina. Ya sa sabon kara ɗaya a cikin kwalba, ya liƙe murfin da gam, ya ɗora a kan katako daidai saitin idonsa. In direba mai shan taba ya zo sai ya zaunar da shi. "Ba ni labarin ta safen nan. Kafin shayi ka sha ko bayan shayi? Zuƙar farko ta kai har ina?" Wasu suka fara rantse masa cewa sun daina, don su huta da tambaya. Wannan ya riƙe Mutumin kamar wata shida.

Sai ya tuna cewa da can ba abin da ke sa shi neman taba irin faɗan matarsa. Ya roƙe ta ta riƙa yi masa faɗa kullum kafin ya fita. Baiwar Allah ta yi iya ƙoƙarinta. Ta tono maganar shekara ashirin, ta tono ta talatin, a mako na uku kayanta suka ƙare, ta koma cewa, "Kai ko! Kai ko!" tana dariya. Ta same ni ta ce, "Yaya, ki karɓa, ni na gaji. Ke kin fi ni sanin tushensa."

Na karɓa, kuma ba zan yi ƙarya ba, aikin ya yi mini. Yana murɗa ƙarfe zai ce, "Yaya, bismillah. Na ƙaramar mota ne, kada ki zurfafa." Ko ya ce, "Na tirela ne, ki faro tun daga fitsarin kwance." Ni kuwa in gyara zama. In tuna masa keken mahaifinmu da ya jefa a kududdufi, da ranar da ya je gaishe da iyayen matarsa da takalmi wari-wari, da kunnuwansa, waɗanda su kaɗai sun isa faci biyu. Fasinjoji su ce, "Mama, ki ji tsoron Allah, dattijo ne fa." Shi kuma ya ɗaga musu hannu, gumi na ɗiga, ya ce, "Ku ƙyale ta, aiki muke yi."

Kusan shekara muka ci da wannan. Amma kunnensa ya saba. Ya fara gyara mini labari. "A'a, Yaya, ɗayan takalmin ruwan ƙasa ne, ba baƙi ba." Ran da na kawo maganar fitsarin kwance ya fashe da dariya har da riƙe ciki, na san tawa ta ƙare.

Wata Laraba da hantsi aka kawo tayar motar yashi. Ya zuba garwashi, ya murɗa, ya zauna a kan hannuwansa. Ƙafa ba ta yi rawa ba. Ya kalli kwalba. Ya shinshina kwali. Na zage shi tas. Yana nan zaune yana jiran Mutumin ya zo don ya jira tafiyarsa, har hayaƙi ya tashi, tub ya narke ya manne da fistin. Washegari ma haka. Rana ta uku bai hura gawayi ba. Ya sauko da kwalbar ya fasa ta da ƙarfen cire taya.

"Me za ka yi?"

"Tuna masa zan yi, Yaya. Zuƙa ɗaya. In ya ji ƙanshin gida zai dawo."

"In ya dawo da kayansa duka fa? Kai ne za ka tsaya a zuƙa ɗaya? Da rabin kara ka faro."

"To in zauna in yi me? Shekara arba'in ban san komai ba sai facin nan."

Ban ƙwace ba. Mutum ya haura sittin, ba zan yi kokawa da shi a bakin titi ba, kuma in na ƙwace wannan, kanti yana nan kusa. Na ɗauki allinsa na ce ya naɗe wando. Ya naɗe, don har yau in na ce ya yi abu yi yake kafin ya yi tunani. Na ja layi ƙasa da gwiwa, daidai inda likita ta ce za a yanke, na zagaye ƙafar da shi. Na leƙa na kira mai walda.

"Kana iya ƙera ƙafar ƙarfe?"

Ya duba layin, ya ciro tef ya auna. "Ta hagu? Zan iya, Mama. Sai dai za ta riƙa ƙara in yana tafiya."

"Ba komai, ma riƙa jin zuwansa."

Auta ya kalli layi, ya kalli taba. Na ɗauka ya haƙura. Sai ya miƙa hannu ya zare ashana daga aljihun mai walda ya ƙyasta. Ya lumshe ido ya ja zuƙa doguwa irin ta da.

Idon ya buɗe da kansa. Fuskar ta yamutse. Tari ya sarƙe shi, ya durƙusa, ya rarrafa ya kifa kai a rabin durom, ya amayar da shayin safe a cikin ruwan gwajin tub. Da ya ɗago, hawaye da majina sun haɗu, ya ce, "Ta lalace a kwalba."

Mai walda ya tsince ta a ƙasa, ya hure ƙura, ya ja. "Lafiyarta ƙalau. Ta ɗan bushe, amma ita ce."

"Sun canja ta. Ba haka take ba."

"Wallahi ita ce, Mai Faci. Irin wadda kake sha."

"Wannan? Mai kama da an ƙona tsumma?"

"Haka take."

"Tun da?"

"Tun da."

Ya zauna a ƙasa dirshan. "Shekara talatin da huɗu wannan abin nake sha, ba wanda ya gaya mini?"

Na ce, "Sau dubu na gaya maka."

"Ke ai komai kin gaya mini."

Ɗan abin da ya rage na Mutumin, zuƙar nan ta ƙarasa shi. Daga ranar ko warin taba ya ji sai zuciyarsa ta tashi, har ya roƙi mai walda ya riƙa zagayawa baya in zai sha. Mako guda bai ci abincin kirki ba, kamar wanda amininsa ya bar gari ba sallama. Ya gwada faci sau biyu da ido da hanci, ya lalata duka. Sai ya wanke fistin, ya shafa masa mai, ya tura ƙarƙashin benci ya rufe da buhu. Ya ce ba zai mutu ana kiransa mai ƙona tub ba.

Yanzu iska kawai yake bayarwa. Ya auna taya, ya ƙara, ya rage, ya ɗaure bawul. In an kawo mai huji zai cire tub ya gano wurin, ya ce a kai wa na gaba, wanda ke aiki da gam mai sanyi, ba wuta ba jira. Abin da ke shigowa ya ragu ƙwarai, 'ya'yansa ke cike gurbin. Ƙafar tana nan da yatsunta uku, ita ke kai shi rumfa ta dawo da shi gida.

Watan jiya wani tela ya zo, an gaya masa ga wanda ya rabu da taba kwata-kwata. Ya zauna a benci ya ce wata biyar ke nan da ya bari, amma kwaɗayin na neman haukata shi, in ya taso ko zare ba ya iya zurawa a allura. Ya roƙi Auta ya gaya masa sirrin kashe shi.

Auta ya matso kusa. "Sau nawa yake zuwa maka a rana?"

"Ya kai goma, Baba."

"Goma!" Ya haɗiye miyau. "Yana daɗewa?"

"Sosai ma."

"Ƙafa tana rawa?"

"Har da gumi."

Na ga idonsa ya tafi ƙarƙashin benci, inda ya rufe fistin. Na ce, "Auta."

"Tambaya kawai nake yi, Yaya." Ya juya ga telan, ya sassauta murya. "Gobe da hantsi kana da aiki?"

Telan ya ce yana da ɗinki. Na ce ya je ya yi ɗinkinsa, in abin ya taso ya sha ruwa, ya tauna cingam, ya daure, zai wuce. Ya tafi yana waiwayenmu. Auta bai ƙara yi mini magana ba har la'asar.